Ubale da Girkawan Bakin Teku

A Gagarawa Tasha akwai wani rami da masu aikin titi suka haƙa, suka kwashi ƙasa suka yi gaba. Da damina ruwa yakan cika shi, ya zauna har tsakiyar rani, kore shar, kwaɗi suna ta harkarsu a ciki. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi shi ba suka sa masa suna Teku. A bakin wannan Teku akwai wata tsamiya mai inuwar da babu irinta daga nan har Gumel. Inuwar nan ita ce ta hana Malam Ubale sakat.

Ubale dillalin riɗi ne. Ubansa ma dillali ne, kuma a gindin tsamiyar nan uban ya zauna har ƙarfinsa ya ƙare. Manomi in ya ɗauko riɗinsa ko zoɓonsa daga ƙauye ba ya tambayar kowa, gindin tsamiya zai nufa, ya sami Ubale a kan buzu da kwanon awo a gefe. Ni da shi sa'o'i ne, tare aka yi mana kaciya, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka yi ta yawo da shi tsakanin asibiti da masu maganin gargajiya na wajen Sule Tankarkar. Kafin ya miƙe, Halimatussa'adiya ta kafa murhu a inuwar. Ita 'yar gwaggonsa ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, tana sayar da shinkafa da wake. Direbobin da ke wucewa Maigatari suka ɗanɗana, suka gaya wa 'yan uwansu. Sai ga mai ɗanwake. Sai ga mai dambu, sai ga mai tuyar awara da 'yar kujerarta. Ran da Ubale ya dawo yana dogara sanda, ya tarar babu inda zai shimfiɗa buzu sai can ƙarshen gefe, inda inuwa ke guduwa tun da hantsi, hayaƙi kuma yana shiga masa ido.

Ya kai ƙara wajen mai unguwa. Mai unguwa ya saurare shi har ya gama, sannan ya fashe da dariya.

"Haba Malam Ubale, kai da taubashiyarka? Wa zai shiga tsakanin ɗan kawu da 'yar gwaggo? Ku je ku ci gaba da wasanku."

To nan fa ciwon yake. Duk abin da ya faɗa mata, ko zagi ne, jama'a wasa suke ɗauka, ita ma da wasan take mayarwa. In ya ce zai kifar da tukunyarta, sai ta ce ya dakata shinkafar ta nuna tukuna. Mutum ransa yana ƙuna, ana yi masa dariya ana cewa Allah ya bar zumunci. Haka aka yi ta tafiya, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Akwai wani mai shayi a bakin titi, Abdulfatah, magidanci ne mai son jan ciniki. Ya sa sola ya ɗora talabijin a kan tebur, bayan la'asar sai ya kunna irin yaƙe-yaƙen nan na Turkawa da ake sa musu muryar Hausa. Ni ban ga amfanin dattijo ya zauna yana kallon mutanen da ba su san da zamansa ba suna saran juna, amma shayin wajen yana da kauri, shi ya sa nakan tsaya. Ran nan muna zaune da Ubale, ya ba talabijin baya yana hura kofi, sai mai fassarar ya ɗaga murya.

"Jama'a, ga Izmir nan, birnin bakin teku! Girkawa sun mamaye shi, sun kafa tutarsu, masu gari sun koma baƙi a garinsu!"

Ubale ya sauke kofi. Ya juyo a hankali.

"Abdulfatah, su wa ya ce?"

"Girkawa, Baba."

"Girkawa," in ji Ubale. "Masu girki ke nan."

"A'a, Baba. Ƙasa ce, Girka sunanta, tana maƙwabtaka da Turkiyya."

"Kai yaro, kada ka koya mini Hausa. Dukawa me suke yi?"

"Dukanci."

"To Girkawa fa?"

"Baba, dubi hannunsu mana. Bindigogi ne. Ka ga tukunya?"

"Wa zai fito da tukunya gaba? Tana baya. Kuma bakin teku ya ce, ko kunnena ne?"

"Bakin teku ya ce."

Allah da ikonsa, ba a rufe baki ba sai aka nuno sansanin sojan, ga wata ƙatuwar tukunya a kan wuta wani yana juyawa da itace. Ubale ya miƙe tsaye, ya manta da ƙafar da ke ciwo.

"Ga ta nan! Ga ta nan! Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ashe har a ƙasar Turkawa mutanen nan sun yi wannan aiki."

Abdulfatah ya buɗe baki zai sake gyara masa, sai ya duba ya ga dattijon ya matsa bencin gaba ya ce a ƙaro shayi da burodi. Nan take ya juya ya hau haɗa shayin. Mai sana'a ke nan.

Tun daga ranar Ubale bai sake fashin kallo ba. Yana idar da la'asar zai zo ya kama wuri, in wani ya yi magana ya daka masa tsawa. Ya daina cewa gindin tsamiya, sai dai Izimir. In ya hango hayaƙin su Halimatussa'adiya sai ya girgiza kai ya ce Izimir tana hannun Girkawa. Da aka zo wajen da mahaya dawakan Turkawa suka shigo birnin da safe, Girkawa suna tururuwa zuwa jiragen ruwa, aka sauke tutarsu aka ɗaga ja mai wata da tauraro, na ga Ubale yana share ido da bakin rawani. Ya sa aka maimaita masa wajen har sai da sauran masu kallo suka yi ƙorafi.

Kashegari ya sa babbar riga ya je ya tsaya a gaban tukunyar 'yar gwaggonsa.

"'Yar Gwaggo, na zo da magana, kuma yau ba wasa."

"Ɗan Kawu, kullum ai haka kake cewa. A sa maka da yaji ko babu?"

"Ku kwashe tukwanenku ku bar mini gadon ubana. Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe."

Ta ajiye ludayi ta goge hannu a zane.

"Gadon wa? A gonar wa tsamiyar nan ta fito?"

"Ubana ya zauna a nan har..."

"Ban ce wa ya zauna ba. A gonar wa ta fito?"

"Gonar Kaka."

"Kakanka kai kaɗai? Uwata ta yi ta tsintar tsamiya a nan tun ubanka yana yawo babu wando. In gado ne, a raba mana inuwar, a ba ni rabon mace, na yarda. Amma ka sani rabona yana wajen da rana ba ta taɓawa."

Direbobin da ke cin abinci suka kwashe da dariya, wani ɗan Damagaram har da ƙwarewa. Ubale ya nuna ta da sanda.

"Haka 'yan uwanki suka ce a Izimir. Ki tambaya yadda suka ƙare."

"Wace ce kuma Izimir? Ko aure za ka ƙara ba mu sani ba?"

Ya juya ya tafi, suna ta yi masa Allah ya ba da zaman lafiya.

Da yamma ya same ni a ƙofar gida ya ce yana haɗa runduna. Na ce masa shekarunmu sun wuce wannan, jikokinmu suna kallonmu. Ya ce a fim ɗin Turkawan ma akwai dattawan da suka ce a haƙura, kuma ya ga yadda aka nuna fuskokinsu. Na ce to a nuna tawa. Ya tafi ya sami mutum biyu. Ɗaya Abdurra'uf, tsohon masinjan ƙaramar hukuma, wanda har yanzu yake ajiye da kakinsa da usur. Ɗayan Ilu, Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a Teku. Shi Ilu ba don yana da damuwa da matan ya shiga ba. Ya ce bai taɓa ganin Bamange irin Ubale ya ci yaƙi ba, yana so ya gani kafin ya mutu.

Ubale ya tsayar da ranar Alhamis. Kowa ya san ran Alhamis matan nan sukan loda tukwanensu a mota tun da asuba su tafi cin kasuwar Maigatari, ba sa dawowa sai rana ta faɗi.

Ilu ya ce, "Bamange, wannan ai ba yaƙi ba ne. Shiga gidan da babu kowa ne, a wajenmu wani suna gare shi."

"Dabarar yaƙi ce, ɗan Fulani. Kai me ka sani ban da bin wutsiyar saniya? Ka samo mini doki."

Doki bai samu ba. Abin da ya samu amalanken Ilu ne da wani bijimi da ya tsufa, wanda ba ya sauri ko da wuta aka kunna masa a baya. Tuta kuwa tsohon jan zanen uwargidan Ubale ne. Abdurra'uf ya yanko wata da tauraro daga farin buhun taki ya liƙa, watan ya fito kamar an gutsiri ƙosai.

Da hantsin Alhamis ina zaune wajen Abdulfatah sai muka ji usur. Ga su nan sun ɓullo ta bayan masallaci. Abdurra'uf a gaba cikin kakin da maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa, Ilu yana jan bijimi yana dariya har yana tuntuɓe, Ubale a tsaye a kan amalanke, hannu ɗaya riƙe da tuta, ɗayan riƙe da ƙarfen gefe don kada ya faɗo. Bijimin ya tsaya a tsakiyar titi ya yi abin da shanu ke yi. Wata tirela ta dakata tana jira, direban ya leƙo yana tambaya ko wani ne ya yi saukar karatu.

Abin da suka tarar a Izimir awaki ne suna lasar duwatsun murhu, sai wata tsohuwa A'i da aka bari gadin itace, ita ma ta yi barci a jikin tsamiya. Abdurra'uf ya busa mata usur a ka. Ta buɗe ido ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Abinci sai gobe," ta ce, ta gyara kwanciya.

Ubale ya ba da umarni aka mirgina duwatsun murhu ɗaya-ɗaya aka tura cikin Teku. Kowanne ya faɗa ruwa sai Ubale ya yi kabbara, kwaɗi su watse. Aka ture itacen gefe, aka share toka, aka ɗaure tuta a reshe. Sannan ya shimfiɗa buzu daidai inda ubansa yake zama, ya yi sujadar godiya, ya ɗago da baƙin gawayi a goshi. Ya dubi titi ya dubi Teku, ya ce Izimir ta dawo hannun masu ita. Ba zan ɓoye ba, a lokacin fuskarsa ta koma ta saurayi.

Ran Juma'a da safe rabin gari ya fito kallo, don kowa ya san bakin Halimatussa'adiya. Ta iso da tukunya a ka, sauran matan a bayanta. Ta dubi wajen murhunta, ta dubi jan zanen da ke kaɗawa a reshe, ta dubi Ubale da ya hakimce da masinja a damansa. Sai ta sauke tukunya ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a, Ɗan Kawu ya ci yaƙi! Ya ci awaki da Iya A'i! Wannan ba zanen matarka ba ne? Da me ka bar ta a gida?"

"Ki faɗi abin da za ki faɗa. Nan dai kun bar shi."

"Mun bar shi. Dama hayaƙin ya ishi tsamiyar Kaka."

Ashe tun tuni 'yan kamasho suke roƙonta ta koma wata rumfar kwano da ke cikin tasha, can tsallaken titi, ita ce take ƙi saboda zafi. Kafin a tafi masallaci sun kafa sababbin murahu a can. Bayan an sauko ta aiko masa da kwano shaƙe da shinkafa da wake, wai harajin waɗanda aka ci da yaƙi. Ya ce haka ake yi a ko'ina. Ya cinye tas, bai rage wa rundunarsa ba.

Kwanakin farko ya ji daɗi. Ya kwanta ta nan, ya mirgina ta can, duk inda ya juya inuwa ce. Amma lokacin kaka ne, riɗi ya fara fitowa, kuma direba inda abinci yake nan yake taka birki. Manomin da ya ɗauko buhu a kan babur tun daga ƙauye, yunwa ce take fara sauke shi, in ya sauka kuwa ba ya sake ɗaure kaya don ya tsallaka titi. Wani dillali mai suna Ziyad, wanda a da ba ya iya haɗa ido da Ubale, ya kai bencinsa da sikeli ya ajiye a bakin rumfar matan. Daga gindin tsamiya Ubale yana hango ana kwance bakin buhu ana ɗaurewa.

Abdurra'uf ne ya fara zamewa. Ya ce zai je leƙen asirin abokan gaba. Ya dawo da manja a gemu ya ce suna nan da ƙarfinsu, gobe ma sai ya koma. Ilu kuwa ya ce matarsa a can take sayar da nono, ba zai yi gaba da inda tuwonsa yake fitowa ba, kuma dai ya ga abin da ya zo gani.

Wata la'asar Abdulfatah ya kawo masa shayi har gindin tsamiya, don ya daina zuwa kallo, wai ba a barin gari babu tsaro. Ya tsuguna ya dubi kwanon awon da ƙura ta rufe.

"Baba, ka san a can ma bayan an ɗaga tutar ba a ji da daɗi ba? Gobara ta ci babban yanki na birnin. Da yawa daga masu kantuna da fatauci suna cikin waɗanda suka tafi. An sami gari, kasuwa ta yi sanyi."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai kai ne da an ɗaga tuta sai ka ce a mayar baya."

Ubale ya kurɓi shayi.

Na je wajensa bayan 'yan kwanaki. Na same shi shi kaɗai, tutar ta koɗe ta naɗe a reshe, wata akuya tana tauna gefen buzunsa bai ko kore ta ba. Muka gaisa, na zauna. Can ya ce, "Ishaku, inuwar nan ta yi mini yawa."

Na ce, "Ai ita ka nema."

"Ita na nema."

Muna zaune sai ga wani manomi daga wajen Sule Tankarkar, wanda ubansa ma wajen uban Ubale yake kawo kaya, ya taho da buhu biyu a bayan babur. Ya rage gudu, ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe, sannan ya karya kan babur ya shiga tasha. Ubale ya bi shi da ido har ya tsaya a gaban bencin Ziyad.

Sai ya miƙe. Ya naɗe buzu ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki kwanon awo ya kakkaɓe.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Ba a barin abokin gaba ya huta. Har ƙasarsu za a bi su."

Na bi shi a baya don in ga ƙarshen abin. Halimatussa'adiya ta hango shi yana tsallako titi yana ɗingishi, ta ɗaga ludayi sama.

"Ku ba da hanya, ga Baturke nan! Ɗan Kawu, yaƙi ko baƙunta?"

"Mamaya," in ji shi.

"To mai mamaya ya zauna can kusa da itace, nan wajen masu ciniki ne. Kuma in wuta ta ja baya ka tura mini."

Ya shimfiɗa buzu kusa da itacen. Kwanon rumfar ya ɗauki zafi kamar tanda, hayaƙi ya taso ya same shi daidai ido. Manomin nan da ya gan shi sai kunya ta kama shi, ya ja buhu ɗaya daga gaban Ziyad ya kawo.

Kafin ya kwance bakin buhun na waiga tsallaken titi. Wani mai faci ya riga ya tura injinsa gindin tsamiya, yana rataye tsohuwar taya a reshen da tutar take. Na taɓa Ubale na nuna masa. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, leɓensa yana motsi. Sannan ya cusa hannu cikin riɗin har wuyan hannu, ya ɗebo ya murza a tafi, ya hure.

"Da ƙasa a ciki," ya ce wa manomin. "Ubanka ba ya kawo mini irin wannan."